A Sahun Masu Bin Sawun Karkanda

Sawun karkanda ba ya rikita wanda aka taɓa nuna masa shi. Yatsu uku ne, babba a gaba, ƙanana biyu dama da hagu, sai tafi mai faɗi da ke barin tsage-tsage a kan rairayi. Tsagen nan kowace dabba da irin nata, har gwanin bin sawu kan durƙusa ya ƙura ido, ya ɗago ya faɗi sunan wadda ta wuce. Sai kuma ya dubi bakin sawun. In yana nan da kaifinsa, iska ba ta rusa shi ba, to ba a jima da taka wurin ba. In kuwa ɓera ko buzuzu ya ratsa ta kansa, an san tun cikin dare ta wuce, akwai sauran tafiya a gaba. Can gaba kaɗan wataƙila a tarar da kashinta. Zai sa hannu ya fasa, ya ji ko da sauran ɗumi, ya tsinto guntayen itacen da ke ciki. Na baƙar karkanda a datse suke a karkace, kowanne da tsini a gefe guda. Na giwa kuwa a tattaune suke, sun koma zare-zare.

Wannan karatun ƙasa shi ne kaso mafi tsoka na abin da matafiyi zai samu idan ya shirya bin karkanda a ƙafa. Kallon dabbar ba ya wuce 'yan mintuna, alhali nemanta kan cinye rabin yini, wata rana ma a wuni ba a dace ba. Wanda yake son ya gani ya ɗauki hoto ya wuce, yawon mota a gandun Nairobi ko na Etosha ya ishe shi, babu laifi a ciki. Bin sawu wani abu ne daban. Shiga ne cikin sahun ma'aikatan da ke sammako kullum su nemo karkanda, su duba lafiyarta, su tabbatar ba a kashe wata cikin dare ba. A ganina a kan wannan ya kamata a ɗora duk shirin tafiyar: ka san aikin wa za ka raka, ka san aljihun da kuɗinka za su faɗa, ka kuma yarda tun daga gida cewa ganin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda aka yi aka gama dabbar ba ta san an zo ba.

Abin da ya sa ake gadinta

A 1970 an kiyasta baƙar karkanda kusan 65,000 a Afirka. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 2,500 ba. Ƙahonta ne ya ja mata. A Yaman ana sassaƙa shi a yi mariƙin wuƙar ado da ake kira jambiya, a gabashin Asiya kuma ana niƙa shi a sa cikin maganin gargajiya, duk da cewa abin da aka halicci farce da gashi da shi ne aka halicce shi. Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1977, amma haramcin bai kashe kasuwar ba. Bayan ɗan lafawa sai wutar ta sake tashi, wannan karon daga Biyetnam da Sin. A Afirka ta Kudu karkanda 13 aka kashe a 2007. A 2014 an kashe 1,215. Yau baƙar ta haura 6,000, farar karkanda kuma ta haura 15,000, mafi yawansu a ƙasashe huɗu: Afirka ta Kudu, Namibiya, Kenya da Zimbabuwe.

Mu a wannan ɓangaren na nahiyar tamu ta riga ta tafi. Akwai wani reshe na baƙar karkanda da ya taɓa yawo daga arewa maso gabashin Najeriya zuwa Kamaru da Cadi. Na ƙarshensu sun fake a dazuzzukan arewacin Kamaru, wajejen gandun Binuwai da na Bouba Ndjida, ba nisa da Garwa. A 2006 masu bincike suka karaɗe yankin ba su samu ko ɗaya ba, har suka gano cewa wasu sawayen da ake nuna musu na bogi ne, hannu ne ya yi su. A 2011 aka sanar a hukumance cewa irin ya ƙare. Cadi ta yi yunƙurin maido da abin da ta rasa: a watan Mayun 2018 aka kai baƙar karkanda shida gandun Zakouma daga Afirka ta Kudu, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, ba da harsashi ba, abincin wurin ne bai karɓe su ba. A Disambar 2023 aka ƙara kai biyar. Su ne mafi kusa da Maiduguri da Kano, amma 'yan tsiraru ne da ake lallaɓawa, ba a kansu mai son bin sawu zai gina tafiyarsa ba. Dole a nausa gabas ko kudu.

Kafin a zaɓi ƙasa sai an zaɓi dabba, domin iri biyu ne, kuma binsu ba ɗaya ba ne. Kada sunan baƙa da fara ya ruɗe ka, dukansu ruwan toka ne, sai dai launin taɓon da suka yi birgima a ciki. Farar ita ce babba, namiji kan haura kilo 2,000. Bakinta mai faɗi ne, ciyawa take kiwo kai a sunkuye, a fili take zama, sau da yawa biyu-biyu ko uku-uku, ga sanyin hali. Baƙar ba ta cika wuce kilo 1,400 ba. Leɓenta na sama mai tsini ne, da shi take kamo rassa da ganye, cikin sarƙaƙiya take wuni ita kaɗai ko da ɗanta, ga saurin fushi. Ko wajen gudu sun bambanta, ɗan farar a gaban uwa yake, na baƙar a bayanta. Mai son ya tabbata ya gani, ko wanda ke tafe da dattijo ko matasan gida, farar zai nema. Mai son wahalar da daɗin da ke cikinta sai ya nufi baƙar.

Kunene, inda babu shinge

In ana maganar bin sawu na haƙiƙa, arewa maso yammacin Namibiya ne a gaba. Yankin Kunene, wanda 'yan yawon buɗe ido suka fi sani da Damaraland, hamada ce ta jajayen duwatsu da busassun kwaruruwa, ruwan sama sai ɗan abin da ba a rasa ba. A nan ne ake da baƙar karkanda mafi yawa da ke yawo sakaka, babu waya babu katanga, kuma ba a cikin gandun gwamnati ba, a ƙasar makiyaya. Tana iya kwana biyu ko uku ba ta kai baki ruwa ba. Tana cin wani tsiro dangin tinya da aguwa, mai farin ruwa wanda guba ne ga ɗan Adam, ita ko a jikinta, har ta kwanta a inuwarsa. Da yake abinci a warwatse yake, dabba guda na iya yawo a fili mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita. Shi ya sa nemanta ya zama sana'a.

A farkon shekarun 1980 fari da farautar sata sun kusa share su, 'yan gomomi suka rage. A 1982 Blythe Loutit da mijinta Rudi tare da wasu suka kafa ƙungiyar Save the Rhino Trust. A daidai wannan lokacin wani mai aikin kare daji, Garth Owen-Smith, ya zauna da shugabannin ƙabilar Herero, cikinsu har da Joshua Kangombe, suka amince al'umma ta zaɓi masu gadin daji daga cikinta. Wasu daga cikin waɗanda aka zaɓa tsofaffin mafarauta ne, kuma hikimar ke nan, domin babu wanda ya fi su sanin ƙasar. Bayan samun 'yanci a 1990, dokar 1996 ta ba mazauna karkara ikon kafa ƙungiyoyin kula da dajinsu su kuma ci amfanin baƙin da ke zuwa. Torra da Khoadi-Hoas na cikin huɗun farko da aka yi wa rajista a 1998.

Yau matafiyi na da zaɓi. Akwai Desert Rhino Camp a yankin Palmwag, haɗin gwiwar kamfanin Wilderness da Save the Rhino Trust da al'ummomin Torra, Anabeb da Sesfontein. Masauki ne mai tsada, ɗaruruwan daloli a kowane dare. Akwai kuma Grootberg Lodge, mallakar al'ummar Khoadi-Hoas, da Palmwag Lodge, waɗanda suka fi sauƙi kuma su ma suna shirya fitar.

Yadda yinin ke tafiya kuwa, masu bin sawu ne ke riga kowa fita, tun duhu bai washe ba. Idanun ruwa suke fara dubawa, domin karkanda da dare take sha. In sun ɗauki sawu sai su bi, baƙi na biye a mota daga nesa, awa biyu ko uku ana gwaruwa a kan duwatsu. A irin wannan ƙasa sawu ba ya fita ɓaro-ɓaro. Dutsen da aka ture ya bar gurbinsa mai duhu, reshen da aka datse ruwansa bai bushe ba, jan ƙafa a bakin juji, da su ake tafiya. Jujin nan ma abin tsayawa ne. Karkanda wuri guda take komawa ta yi kashi, wasu ma su zo su yi a nan, kowace ta shinshina ta san wa ya wuce, namiji ne ko mace, yaushe kuma. Dandalinsu ke nan, inda ake jin labarin gari. In ta gama sai ta tona da ƙafafun baya, ta ɗauki warin ta yi ta bugawa a hanya.

In an hango dabbar sai a yi kira ta rediyo, a ajiye mota, a ci gaba a ƙafa. Yayin da baƙi ke kallo, ma'aikatan na bakin aikinsu. Ɗaya na duba kunnuwa da madubin hangen nesa, domin yawancinsu an yi musu tsaga ta shaida, wasu kuma ƙaya ta yi musu tata. Ɗaya na cika takarda: siffar ƙaho, ƙiba ko rama, ko da ɗa a gefe, wuri da lokaci. Waɗannan takardun, shekara da shekaru ana tara su, su ne ke nuna wadda ta haihu da wadda aka kwana biyu ba a gani ba. Binciken da Jeff Muntifering ya jagoranta a yankin ya nuna cewa kusanci da daɗewa su ne ke korar karkanda daga wurinta, kuma wadda aka firgita tana iya gudun kilomitoci ta bar ruwa da abincin da ta saba. A kan haka aka sa ƙa'ida: in an matsa kusa, mintuna kaɗan ne a juya, in ana son daɗewa, sai a tsaya nesa. Ana kuma juya yankunan da ake kai baƙi domin kada a dami dabba guda kullum. Baƙon da ya ji jagora ya ce a tashi alhali bai ƙoshi da kallo ba, ya san ba rowa aka yi masa ba.

iMfolozi, kwana a daji

Gandun Hluhluwe-iMfolozi na lardin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu wuri ne da duk mai ƙaunar wannan dabba ya kamata ya taka. An keɓe shi tun 1895, lokacin da farar karkanda ta kudu ba ta kai ɗari ba a duniya, kusan dukansu a wannan ɗan yankin tsakanin koguna biyu. Daga su aka samu duk dubban da ake da su yau. A shekarun 1960 Ian Player da abokan aikinsa suka fara sa musu allurar barci suna rarraba su zuwa wasu gandaye da ƙasashe. Shi Player bai taɓa ɓoye cewa malaminsa a daji shi ne Magqubu Ntombela ba, wani Bazulu mai bin sawu, kuma tare suka buɗe tafiyar ƙafa ga baƙi a 1959.

Har yanzu ana yin ta, ƙarƙashin hukumar Ezemvelo KZN Wildlife. Kwana uku ne ko huɗu a wani sashe na gandun da ba a yarda a yi hanyar mota ba. Ba a wuce mutum takwas, da masu gadi biyu riƙe da bindiga, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A wani tsarin jakuna ke kai kaya zango. A wani kuma kowa ya goya nasa, a kwana a fili babu tanti, a raba dare, kowa ya yi zaman gadi a bakin wuta shi kaɗai yayin da saura ke barci. Nan ba dabba guda ake nema ba, tafiya ake yi a ƙasar karkanda, a bi hanyoyin da ƙafafunta suka fitar, a wuce kututturan da ta goge da jiki har suka yi sheƙi, a ci karo da ita a inda Allah ya nufa. Kuɗin tafiyar bai kai na manyan masaukai ba ko kusa, sai dai wuri na cika da wuri, kuma ana dakatar da tafiyar a tsakiyar watannin zafi.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a je. A 2023, cikin karkanda 499 da aka kashe a Afirka ta Kudu, 307 a wannan gandun ne. A watan Afrilun 2024 hukuma ta fara yanke musu ƙaho da zarton inji bayan an sa su barci, kuma kisan ya ragu. Ƙahon na sake tsirowa, don haka aiki ne da ake maimaitawa duk bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu. Mai yiwuwa ne ƙwarai wadda za ka gani dungu ne a hancinta. Na san masu ɗaukar hoto ba sa so. Ni dai ina ganin babu abin da zai nuna wa baƙo halin da ake ciki kamar wannan dungun, kuma wadda ke ɗauke da shi tana nan da ranta.

Gabashin Afirka da sauran wurare

Ga wanda wannan ne karonsa na farko, ko aljihunsa bai yi nauyi ba, Ziwa ta Yuganda ce ƙofa mafi sauƙi. Tana gundumar Nakasongola a kan hanyar Kampala zuwa Gulu, tafiyar kimanin awa uku, kuma a kan hanyar zuwa gandun Murchison Falls take. Yaƙe-yaƙe da farauta sun ƙarar da karkandar Yuganda a farkon shekarun 1980. A 2005 aka kawo farare huɗu daga Kenya, a 2006 aka ƙaro biyu daga wani gidan dabbobi na Disney a Amurka. Ɗan farko da aka haifa a 2009 ubansa ɗan Kenya ne, uwarsa daga Amurka, sai aka raɗa masa Obama. Masu gadi na tare da dabbobin dare da rana, saboda haka an san inda suke, tafiyar awa ɗaya ce zuwa biyu, kuɗin kuma 'yan gomomin daloli. Ba bin sawu ba ne irin na Kunene, gaskiya, amma tsayawa a ƙasa ɗaya da dabba mai tan biyu kana jin ƙarar tsinkar ciyawarta ba abin rainawa ba ne.

A Kenya, Sera ce ta fi jan hankalina. Ƙasar makiyayan Samburu ce a arewa, kuma a 2015 ta zama wuri na farko a gabashin Afirka da al'umma ke riƙe da mafakar baƙar karkanda da kanta. Masaukin Saruni Rhino ke kai baƙi. A nan ana haɗa sani biyu: an dasa wa dabbobin 'yar na'ura mai aika sigina, ma'aikaci ya hau dutse ya ɗaga eriya ya ji ɓangaren da ƙarar ta fi ƙarfi, daga nan kuma sai ido da sawu su karɓa, domin na'ura ba ta faɗa maka ko dabbar a kwance take bayan wancan kurmin tana fuskantarka. Baƙar karkandar Kenya ta taɓa faɗowa daga kusan 20,000 zuwa ƙasa da 400 a shekarun 1980, yanzu ta sake haura dubu. Wanda ya je ƙasar ya daure ya ratsa Ol Pejeta, inda Najin da 'yarta Fatu suke, su biyu kaɗai suka rage daga farar karkanda ta arewa tun da namijin ƙarshe, Sudan, ya mutu a watan Maris na 2018.

Mai zuwa kallon gangarar ruwan Victoria kuma yana da hanya biyu kusa: gandun Mosi-oa-Tunya a gefen Livingstone ta Zambiya, inda ake ɗan takawa zuwa wurin farare masu gadi, da duwatsun Matobo kudu da Bulawayo a Zimbabuwe, inda jagororin suka yi suna wajen iya aiki.

Mita ɗari na ƙarshe

Karkanda ba ta da ido sosai. Mutum na iya tsayawa cik a fili, 'yan gomomin mita tsakaninsu, ba ta rarrabe shi da kututture ba. Amma Allah ya ba ta hanci da kunne. Kunnuwan kowanne juyawarsa yake shi kaɗai, ko tana barci ba sa hutawa. Don haka iska ce ke jan ragamar tafiyar. Mai bin sawu na ɗauke da 'yar jakar toka, wani ma tsohuwar safa ya cika, yana kaɗa ta jefi-jefi yana duban inda ƙurar ta nufa. Dole iskar ta taso daga wurin dabba zuwa gare ku. In ta juya sai a juya da ita, ko da za a yi zagayen kilomita a kan duwatsu, ko kuma a haƙura a koma. Ana tafiya ɗaya bayan ɗaya, ka sa ƙafa inda na gabanka ya ɗauke tasa, babu magana, sai ishara da hannu.

Sai kuma carki. Tsuntsun nan da muka sani a bayan shanu yana cin kaska, shi ne ɗan tsaron karkanda. Wani bincike da Roan Plotz ya yi a Hluhluwe-iMfolozi, aka buga a 2020, ya nuna cewa baƙar karkandar da ba ta da carki a jikinta sau 23 cikin ɗari kawai take gane mutum na tahowa, wadda ke da shi kuwa ba ta taɓa kuskurewa ba, kuma tun daga nesa. Abin mamaki, in tsuntsun ya yi kuka, ɓangaren da iska ta nufa take juyawa, wato inda hancinta ba ya kaiwa, inda mafarauci ke biyowa. Jagora na jin kukan carki zai ɗaga hannu kowa ya ƙame.

In ta taso fa? Tana gudun da ya kai kilomita 50 a awa, babu mai tsere mata a fili. Abin da jagorori ke nanatawa tun kafin a sauka daga mota shi ne kada a watse da gudu, a zuba wa jagora ido, a kuma riƙa lura da itace ko suri ko dutse mafi kusa da za a laɓe. Sau da yawa tasowar tata ta ruɗewa ce, ta ji abin da ba ta gani ba, sai ta yi huci ta nufo, ta kauce ta wuce. Uwa mai ƙaramin ɗa ita ce ba a wasa da ita, kuma jagoran kirki nesa yake tsayawa da ita. Ciki wata 15 zuwa 16 take ɗauka, ɗa guda take haifa, sai bayan shekara biyu da rabi ko fiye ta sake. Ɗan da ya rabu da uwarsa garin gudun baƙi har kura ta same shi, asara ce da babu hoton da zai biya ta. A tuna kuma dajin ba nata ba ne ita kaɗai, akwai giwa da ɓauna da zaki.

Shirin tafiya

Lokacin rani ake so, ciyawa ta kwanta, dabbobi sun dogara da 'yan wuraren ruwa. A kudancin Afirka daga Mayu zuwa Oktoba ke nan, kuma Yuni da Yuli akwai sanyin asuba mai shiga ƙashi, sai da rigar sanyi. A Kenya da Yuganda daga Yuni zuwa Satumba ne, sai kuma Janairu da Fabrairu. In baƙar ake nema, kada a yi ƙasa da kwana uku a wuri guda, domin a samu fita biyu cikakku. Masaukan ƙanana ne, wasu tantuna takwas kacal, sai an kama wuri watanni kafin lokaci.

Mu mutane ne masu son farin kaya da turare, kuma duka biyun a gida za a bar su ranar fita. Fari na ɗaukar ido daga nesa, turare kuwa shela ce ga dabbar da hanci ne idonta. Kaya ruwan ƙasa ko kore mai duhu, waɗanda ba sa ƙara in an motsa, mata ma mayafi mai irin wannan launin wanda ƙaya ba za ta riƙa kamawa ba. Takalmi sau-ciki mai kauri wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, malafa, ruwa isasshe, da madubin hangen nesa, wanda ya fi kyamara amfani a nan. Wata biyu kafin tafiya a fara taka ƙafa awa ɗaya ko biyu kullum. Yawancin wurare ba sa ɗaukar yara ƙanana a tafiyar ƙafa, wasu daga shekara 12, wasu sai 16, a tambaya kafin a biya.

Fitar na zuwa daidai da idar da sallar asuba, azahar kuma sau da yawa a daji take riskar mutum, sai a gaya wa jagora tun da wuri ya zaɓi wurin tsayawa. Wanda zai iya kauce wa watan azumi ya kauce. A rubuta wa masauki batun abinci tun lokacin kama wuri, domin daga gari mai nisa suke sayo komai. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, a haɗa da maganin zazzaɓin sauro da inshorar da ta ƙunshi ɗauko mara lafiya da jirgi. Dokokin biza na sauyawa, ofishin jakadanci ne abin tambaya. Jirgin Habasha na tashi daga Kano, Abuja da Yamai, daga Adis Ababa kuma akwai hanyar Nairobi, Entebbe da Windhoek.

Kafin ka tura ko kwabo, yi wa kamfanin tambayoyi a rubuce. Su wane ne masu bin sawun, 'yan yankin ne, kuma wa ke biyansu? Nawa ne daga kuɗin ke zuwa ga al'umma ko aikin gadi? Mutum nawa ake fita da su? Wace ƙa'ida ce ta tazara da lokaci? Wanda ya yi maka alkawarin lallai za ka ga baƙar karkanda, ko za a kai ka har ka kusa taɓa ta, nemi wani. In an dawo kuma, alherin da za ka yi kada ya tsaya a hannun direba da jagoran da ya iya Turanci. Mutumin da ya wuni a sunkuye yana karanta dutse, wanda wataƙila ko gaisawa ba ku yi sosai ba, a ba shi nasa a hannunsa.

Saura batun waya. In ka tambayi ma'aikaci karkanda nawa ke yankin ya kauda zancen, kada ka matsa, umarni aka ba shi. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu akwai alluna a sansanoni inda baƙi ke manna alamar wurin da suka ga zaki ko damisa, amma an daina sa karkanda a kansu, domin ɓarayin ƙaho ma suna karantawa. Hoton waya na ɗauke da bayanin daidai inda aka ɗauke shi. Shiga saitin kyamara ka kashe wannan tun kana gida. Abin da za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp ko ka ɗora a Facebook, bari sai ka bar yankin da kwanaki, kada ka ambaci sunan kwari ko idon ruwa, ka kuma duba kada wani dutse mai sauƙin ganewa ya fito a bayan dabbar. Fuskokin ma'aikatan ma sai da izininsu, domin a ƙauyukan da ke kewaye suke zaune da iyalansu, kuma masu neman ƙaho kullum neman wanda ya san hanya suke, su saye shi ko su tsorata shi. A watan Yulin 2022 har gida aka bi Anton Mzimba, shugaban masu gadin gandun Timbavati da ke maƙwabtaka da Kruger, aka harbe shi.